Littattafan Soyayya da Mu Matan Karkara: Yadda Abin Ya Faro da Inda Ya Kai Mu

 

Ranar da shugabarmu ta ce kowace ta kawo abin da za a sa cikin takardar bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, wata ta ɗauki tarihin adashinmu, wata ta ɗauki na injin niƙa. Da anka zo kaina sai na ce a bar mini littattafan soyayya. Ɗaki ya kwashe da dariya, wata ta ce, "Haba yaya, da girmanki?" Na ce mata da girman nawa, don da ba don waɗanga littattafai ba, da har yau dangwala yatsa nike a takardar rance. Abin da na sani na rubuta, na kuma zauna da malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci da ɗana mai karatun Hausa a Sakkwato, sunka gyara mini shekaru da sunaye.

Bari in fara da abin kunyata. Na yi shekaru ina sayar da kayan koli, su turare da kwalli da man shafawa da zare, kuma cikin kayan da nike sarowa a Shinkafi ranar Alhamis har da littattafai. Ina sayar da su ban iya karanta ko sunansu ba. Da hoton bango nike gane su: wanga mai mace da jan gyale, wancan mai mota. Yarinya za ta zo ta ce, "Inna, akwai na biyu?" sai in baje mata su duka a tabarma in ce ta duba da kanta. In ta tafi sai in bi ta da kallo, ina mamakin abin da ke cikin takarda da zai sa mutum ya bar kuɗin awara ya saye ta.

Kafin a san littafi a garinmu, labari a baki yake. Lokacinsa kuwa kaka. In an yanke gero an ɗaure dammuna, an roro wake, sanyin hunturu ya fara leƙowa da dare, to ran kowa ya kwanta. Da kaka ake biyan bashi, da kaka ake kai kayan toshi, da kaka ake ɗaura aure. Samari na kokawa da dambe, 'yan mata na gaɗa a dandali da farin wata, mu ƙanana kuwa muna ɗakin tsohuwa muna jin Gizo da Ƙoƙi. Shi ya sa nike cewa kaka biyu sunka rene mu, kakar amfanin gona da kakar da ta haifi iyayenmu. Cikin tatsuniyoyin nan akwai soyayya tun fil azal: yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo ta ƙare a hannun dodo, da 'yar mowa da 'yar bora. Ƙasarmu kuwa ba baƙuwar magana ba ce, tunda nan Isa Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir waƙoƙin da har gobe malaman jami'a ke nazari.

Karatun mata ma ba yau ya fara ba a wagga ƙasa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda anka haifa a Ɗegel cikin 1793 ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jajis, tsofaffin mata masu hankali, ta ba su malfa, suna tasowa daga ƙauyuka da 'yan rakiyarsu su ɗauki karatu su koma su koya ma matan da ke gida. Su ne 'Yan Taru. Duk wanda ya ce mace da takarda baƙon abu ne, a tuna masa da wannan.

Littafin labari na boko shi ya zo daga baya. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga 1934 littattafan sunka fara fitowa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Cikinsu Jiki Magayi ne ya taɓo so: saurayi da budurwa na son juna, mai kuɗi ya shigo ya aure ta, saurayin ya ƙare rayuwarsa wajen neman ramuwa. Kun ga ashe ciwon tsoho ne. Sai dai duka maza sunka rubuta, kuma 'yan makaranta maza sunka fi karantawa. A 1939 anka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tashi da Yaƙi da Jahilci, wanda ajinmu na yau jikansa ne, amma a ƙauyuka irin namu magidanta sunka fi cin moriyarsa, mata na cikin gida.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1976 da anka kawo shirin firamare kyauta na UPE, yara da yawa sunka iya haɗa baƙi. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da littattafan da sunka ci wata gasa tasa. Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya zo na biyu. Ita ce mace ta farko da anka buga ma littafin ƙagaggen labari da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, yarinya Bafulatana da ta nace sai wanda ranta ke so ko da ba ɗan ƙabilarsu ba ne. A shekarar nan ta 1980 kuma gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a Kano, magidanta da matan aure sunka cika azuzuwan yamma.

Daga nan sai tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i sunka ja baya. Matasan da sunka koyi rubutu ba su tsaya jiran kowa ba. Mutum zai rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya tara kuɗi ko ya ci bashi, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko ya kai ma 'yan kasuwa. Mu da munka san saro da sayarwa mun san irin wagga kasada. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a 1984, shi ake yawan ambata a matsayin na farko cikin wanga sabon yayi, kuma kun ji, mace ce. A Kano marubuta sunka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke. Su ma haɗa kai sunka yi awa mu, don abin da mutum ɗaya bai iyawa, taro na iyawa.

Littafin da na fara ji da kunnena shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Ina amarya sa'annan, ban kai sha shida ba. Kaka ce, ɗiyar goggona ta zo hutu daga makarantar kwana da shi a ƙasan akwati. Bayan isha'i mu shida muke taruwa a ɗakina, a kunna fitilar ƙwai a rage mata lagwani don kada kananzir ya ƙare, ita tana karantawa mu muna ɓarar gyaɗa. Sumayya ɗiyar masu hali na son Muhammad talaka, gida sun ce sai mai kuɗi. Daren da anka kai inda ta faɗa rijiya, babu wadda ba ta yi hawaye ba. Uwar mijina da ke laɓe bakin ƙofa tana jinmu sai ta ɗaga labule ta ce, "Ke ɗiyar nan, ta mutu ko an fidda ta?" Tun daga ranar ta zama ta bakwai.

Cikin marubutan nan, wadda tarihinta ya fi kama da namu ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. Duk da gidan da ta fito, an cire ta daga makaranta an yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, auren bai ɗore ba, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A Alhaki, Rabi ce miji ya kora da ɗiyanta tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wace ce cikinmu ba ta san wata Rabi ba? A 2012 anka fassara shi da Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga. Sai Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda mata ke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni. Matan cikin littattafanta masu karatu ne, masu tsafta da iya magana da miji, har amare kan ɗauki darasin zaman gida daga gare ta.

Yadda littattafan ke iso mu shi ma tarihi ne. Daga shagunan Sabon Gari da wajen Bata a Kano ake ɗauro su cikin kwali, su biyo motocin Gusau da Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, daga nan su watsu Isa da Sabon Birni, wasu su ƙetare har Maraɗi. Marubutan sun iya kasuwa: sai su raba labari kashi biyu ko ukku, su yanke shi daidai inda rai ya tsaya, dole ki nemi na gaba. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta yi haya na kwana ɗaya ko biyu. Littafi guda kan zaga gida goma, bango ya cire a ɗinke shi da zare da allura, shafin ƙarshe ya ɓace a riƙa tambayar wadda ta fara karantawa yadda anka ƙare.

Ba kowa ya yi murna da su ba. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, shi ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu rubutun gaggawa ne na neman kuɗi da kwaikwayon finafinan Indiya. Malamai irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sunka ce a yi adalci, littattafan sun sa dubban mata da matasa karatu, kuma suna faɗin abin da ke faruwa a gidaje. An daɗe ana wagga muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. Iyaye da malaman addini su ma sun yi kuka cewa suna koya ma 'yan mata ƙin zaɓin iyaye. A 2007 har ƙona wasu littattafai anka yi a wata makarantar 'yan mata a Kano zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta ce marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin ya fita.

Ni dai abin da na gani shi zan faɗa. Akwai na banza cikinsu, babu ko shakka, waɗanda ba komai ciki sai motoci da gidan sama da Alhaji mai zuwa Dubai, yarinya ta karanta ta rena saurayinta manomi. Amma auren dole da sakin wulaƙanci da kishi mai kai ga boka ba littafi ya kawo su garinmu ba, ya same su nan. Wanda ya ce maka rigarka ta yage ba shi ya yaga ta ba.

Abin da ya kai ni aji abu biyu ne. Na farko, wani da nike saro kaya wurinsa ya daɗe yana rubuta mini bashi fiye da abin da na ɗauka, ina kallon takardar ina gyaɗa kai. Sai da ɗana ya duba ya gano. Na biyun ya fi ciwo. Ɗiyata ta fari na aji biyu na ƙaramar sakandare munka cire ta munka yi mata aure, ni da bakina na ce karatun ya isa. Bayan shekaru, ƙanwarta na karanta mini Wa Zai Auri Jahila? da dare, anka zo inda anka cire Abu daga makaranta, saurayin da take so ya guje ta don ba ta yi karatu ba, anka ba tsoho ita. Na ce ma yarinyar ta dakata. Na fita tsakar gida na zauna ni kaɗai. Abu ta cikin littafi ta gudu ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya, tawa kuwa tana can da goyo ba ta iya karanta katin asibitin ɗanta. Da safe na ce ma maigida, "Malam, ina son shiga ajin yamma, kuma wagga ƙaramar ba mai fidda ta sai ta gama." Ya yi shiru, can ya ce, "Allah Ya sa alheri." Wata tara na yi kafin in karanta shafi guda ba tare da an taya ni ba, kuma littafin soyayya ne, don shi ne rai ke ja ya ga abin da ke gaba. Yau ni ke rubuta lissafin kayana, kuma ɗiyar tawa ta fari ita ma ta shiga aji a garin mijinta.

Zamani ya sake juyawa da zuwan waya. Gidajen rediyo na karanta littattafai, masu cajin waya na tura su cikin memori a saurara, marubuta na sakin labari shafi shafi a WhatsApp da Facebook, a biya ta waya kafin a shiga. Kasuwar littafin takarda ta faɗi, ni kaina na daina sarowa. Alherin ciki shi ne wadda ba ta iya karatu ba tana iya saurare tana daka. Sharrin ciki kuwa, babu mai tacewa, akwai batsar da ko matar aure ta ji sai ta toshe kunne, ga ta a hannun 'yar shekara sha ukku. Uwar da ba ta iya karatu ba ta yaya za ta san abin da ɗiyarta ke dubawa cikin bargo? A ɓangaren alheri kuma, a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, kuma labarin da ya fara cinyewa, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan 'yan gudun hijira ne.

Wannan kalma ta gudun hijira da muna jin ta a rediyo, yau mun san ta a jikinmu. Ba sai na ba ku labarin abin da 'yan bindiga sunka yi ma ƙasar Isa da Sabon Birni ba. Kakar da ta kasance lokacin biki ta koma lokacin da ake biyan kuɗi kafin a yanke abin da anka shuka. 'Yan uwanmu nawa ke Gidan Rumji da sauran garuruwan Maraɗi, nawa ke Sakkwato a kangaye? A watan Satumba na 2021 anka rufe layukan waya a yankinmu, anka hana cin kasuwannin mako. Waya ta zama icce. A kwanakin nan na buɗe tsohuwar adakata na tarar da littattafai goma sha ɗaya da ba su sayu ba, gara ta ci gefen wasu. Dare na yi, ba mai iya barci, kowa na sauraren ƙarar babur. Sai in tara yara da maƙwabta a ɗaki, in rufe taga, in haska tocila in karanta musu a hankali. Karatuna na tuntuɓe, amma ba wanda ya yi dariya. Sa'a guda ko biyu mukan manta da abin da ke waje. Abin da ɗiyar goggona ta yi mana ina amarya, shi Allah Ya nufe ni da yi ma wasu.

Ɗana ya ba ni labari cewa a Amurka da Ingila akwai wani irin littafin soyayya da mata ke so ƙwarai. Ana kafa labarin a ƙaramin gari, lokacin kakarsu da ganye ke zuba ana girbin kabewa. Mace ta gaji da birni ta komo garinsu, kowa ya san kowa, ta haɗu da mutumin kirki, a ƙare lafiya. Ya ce suna karantawa ne don hankalinsu ya kwanta. Na ce masa ai wannan garinmu ne kafin a ɓata shi. Abin da ya ba ni haushi shi ne littattafan da na sani yawancinsu a Kano da Kaduna da Abuja suke. Ban taɓa cin karo da wanda ya sa budurwa tana sussuka a bakin rumbu, saurayi ya dawo daga fadama da rake ya tsaya zance a ƙofar gida ba. Jikokinmu da anka haifa a gudun hijira ba su san dandali ba. In ba mu rubuta musu yadda kaka take a Tozai ba, wa zai rubuta?

Don haka ina roƙon ƙungiya abu ukku, a duba su a taro na gaba. A sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, duk mai tsohon littafi a gida ta kawo, malamarmu ta tace na kirki, a riƙa ba da aro ana rubuta suna. Ni na fara da goma sha ɗayan nan. Sannan ranar zubin adashi, in an gama lissafi, a ware rabin sa'a wata ta karanta mana shafi biyu, ko da tana tuntuɓe. Na ƙarshe, ajin yamma da ya ragu saura mu kaɗan, a taimaka da kuɗin alli da littafin rubutu daga ribar injin niƙa, kuma kowace ta jawo mace ɗaya. Ga mazajenmu da za su karanta wannan, muna godiya ga waɗanda sunka bari, muna roƙon sauran. Matar da ta iya karatu ba a cutar ta a kasuwa, ba ta ba yaro magani fiye da ƙima, kuma sirrin gidanka ba ya fita wajen mai karanta mata saƙo.

Ni kuma na sayi littafin rubutu mai shafi 80, na fara labarin wata yarinya da wani mai kokawa a kakar shekarar da anka yi mini aure. Na kai shafi 14. In Allah Ya kai mu bikin baɗi da rai da lafiya, zan karanta muku, ku yi mini gyara.

Allah Ya ƙara ma wagga ƙungiya albarka, Ya jiƙan waɗanda munka rasa, Ya maido da na gudun hijira gidajensu, Ya ba mu kaka mai albarka da kwanciyar hankali. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ma ɗalibar aji. Wassalamu alaikum.